Eagles 24, Cowboys 20: me ya sa ake cewa wannan nasara ta fi sauran nasarori nauyi?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni mutumin ƙwallon ƙafar da muka saba da ita ne, Firimiyar Ingila nake bi tun ina ƙarami, kuma sai a farkon shekarar 2025 na fara leƙa ƙwallon ƙafar Amurka, bayan da wani abokin aikina ya zaunar da ni muka kalli wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, na watan Fabrairu, wanda Philadelphia Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22. Tun daga ranar abin ya shiga raina, shi ya sa a daren Alhamis 4 ga Satumba 2025 na hana idona barci, na jira har ƙarfe 1:20 na dare agogon Najeriya domin in ga wasan buɗe kaka tsakanin Eagles da Dallas Cowboys.

Abin da na gani ya ɗaure mini kai ta fuskoki da dama. Kafin a taɓa ƙwallo a harin farko an kori ɗan wasan Eagles mai suna Jalen Carter saboda ya tofa wa Dak Prescott, mai jefa ƙwallon Cowboys, yawu, amma da na ƙirga 'yan wasan Eagles a fili sai na ga har yanzu su 11 ne, ba su ragu ba. Sannan a kashi na uku aka dakatar da wasa fiye da awa ɗaya saboda walƙiya, har sai da aka kusa kiran assalatu a unguwarmu kafin a tashi. A ƙarshe Eagles ta ci da 24 da 20, kuma ni a ganina da ƙyar ta sha.

Tambayata ta ainihi ita ce wannan. Masu sharhi sun yi ta nanata cewa nasara ce a kan abokiyar hamayya ta rukuni ɗaya, kamar dai hakan ya ninka darajarta. Mu a Firimiya maki uku maki uku ne, ko a kan Manchester United ka same su ko a kan ƙungiyar da ta hauro jiya. To a nan mene ne bambancin? Shin akwai wani lissafi na zahiri da ke sa nasarar ta fi nauyi, ko kuwa zafin gaba ne kawai irin na magoya baya? Kuma shin daga wannan wasa ɗaya za a iya cewa Eagles na kan hanyar kare kofinta?

Malam Na Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai lissafi na zahiri, kuma idan ka fahimce shi to ka fahimci rabin gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, baki ɗaya.

Ƙungiyoyin gasar 32 ne, an raba su gida biyu, AFC da NFC, kowane gida kuma an kasa shi rukuni huɗu masu ƙungiya huɗu-huɗu. Eagles da Cowboys da New York Giants da Washington Commanders su ne rukunin NFC ta Gabas. Kowace ƙungiya wasa 17 kacal take bugawa a kaka, ba 38 ba kamar yadda ka saba, kuma daga cikin 17 ɗin nan guda 6 da 'yan rukuninta take yi, gida da waje. Ka ga ke nan fiye da kashi ɗaya cikin uku na kakar a cikin gida ake cinye shi. Sauran ƙungiyoyin kuwa akwai waɗanda sai bayan shekara huɗu jadawali ke wajabta haɗuwa da su.

Inda maganar ta fi ƙarfi shi ne wajen shiga wasannin sili ɗaya ƙwale. A nan babu babban teburi guda wanda na sama ke ɗaukar kofi. Ƙungiya 7 ke fitowa daga kowane gida: zakarun rukunai huɗu, sai uku da suka fi yawan nasara cikin waɗanda suka rage. Zakaran rukuni ko yaya sakamakonsa ya lalace yana da gurbi, kuma wasansa na farko a gidansa zai yi. A 2020 Washington ta ci wasa 7 ta sha kashi a 9, amma da yake sauran 'yan rukunin sun fi ta lalacewa, ita ta wuce. A gefe guda kuma, a kakar 2024 Minnesota Vikings ta ci wasa 14 cikin 17, sai dai Detroit Lions da suke rukuni ɗaya ta ci 15, don haka Vikings ta zama baƙuwa a zagayen farko wajen Los Angeles Rams wadda wasa 10 kawai ta ci, kuma a nan aka yi waje da ita. Saboda haka abin da kowane koci ke fara sa wa a gaba shi ne ya fi maƙwabtansa uku, sauran lissafi daga baya yake zuwa.

Idan kuma aka kammala kaka ƙungiyoyi biyu na rukuni ɗaya suka yi kunnen doki, ba a duba bambancin maki da farko kamar yadda ake duba bambancin ƙwallaye a Firimiya. Abin da ake fara dubawa shi ne wa ya ci wa a haɗuwarsu biyu, sannan a duba wa ya fi cin wasannin cikin rukuni. To ka ga nasarar daren Alhamis ta yi wa Eagles aiki uku a lokaci guda: ta ƙara mata nasara, ta ɗora wa abokiyar takararta shan kashi, ta kuma ba ta rinjaye a ma'aunai biyun farko na raba gardama. Da Eagles ta ci wata ƙungiyar AFC ce, aiki ɗaya kawai nasarar za ta yi.

Game da korar Carter, kada ka auna ta da jan kati. A wannan wasa wanda aka kora shi kaɗai ke fita, ƙungiyarsa ta sa wani a madadinsa, sai kuma hukuncin yadi 15 da aka ba abokan hamayya. Asarar ba ta adadi ba ce, ta inganci ce, domin Carter shi ne ginshiƙin sahun gaba na tsaron Eagles, wanda sau da yawa sai an sa mutum biyu su tare shi. Cikin waɗanda nauyin ya koma kansu a daren har da Moro Ojomo, wanda a Legas aka haife shi kafin iyayensa su koma Amurka yana yaro.

Baban Ilham (Tekzas) ya amsa:

Malam ya gama da ɓangaren lissafi, babu abin da zan ƙara. Ni zan yi magana ne a matsayin mai goyon bayan Cowboys wanda ya kwana da takaici, domin ina ganin ba Eagles ce ta ci wasan nan ba kamar yadda mu muka zubar da shi da hannunmu.

Ku duba yadda abin ya gudana. Hare-hare takwas na farko a wasan, babu wanda bai haifar da maki ba. Javonte Williams ya kutsa yankin ci sau biyu, Brandon Aubrey ya buga ƙwallo tsakanin sanduna sau biyu, mu ke nan maki 20. Su kuma mai jefa musu ƙwallo Jalen Hurts ya shiga da ƙafarsa sau biyu, Saquon Barkley sau ɗaya, aka tafi hutun rabin lokaci suna da 21. Da aka dawo Jake Elliott ya buga musu daga yadi 58, ya zama 24 da 20, kuma daga nan babu wanda ya sake cin ko maki ɗaya har aka tashi. To a ina wasan ya karye? Miles Sanders, wanda tsohon ɗan Eagles ne, ya ruga da ƙwallo yadi 49 ya kai mu bakin ƙofarsu, muna shirin karɓe jagoranci, sai ga ƙwallon ta suɓuce daga hannunsa shi ɗin dai, Quinyon Mitchell ya dira a kanta. Ko minti ɗaya ba a ƙara ba aka ce kowa ya bar fili saboda walƙiya, saura minti 4 da daƙiƙa 44 a kashi na uku. Da aka dawo bayan awa guda, kamar an zare wa masu kai hari na ɓangarorin biyu laka.

Sai kuma CeeDee Lamb, wanda shi ne mafi ƙwarewar masu cafke jifa a ƙungiyarmu. Ya tara yadi 110 a daren, amma a kashi na huɗu ƙwallayen da Prescott ya ajiye masa a tafin hannu ya yi ta saki, har da ta yunƙurin ƙarshe wadda ya yi tsalle ya miƙe a kanta ta kufce. Shi da kansa ya fito bayan wasa ya ɗauki laifin, kuma na yaba masa da hakan, sai dai yabo ba ya sauya allon maki. Prescott ya yi wasa mai kyau ƙwarai idan aka tuna cewa raunin cinya ya katse masa kakar bara a tsakiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun tauraron tsaronmu Micah Parsons. Mako ɗaya tak kafin wasan, mai ƙungiyar Jerry Jones ya miƙa shi ga Green Bay Packers, ya karɓi Kenny Clark da guraben zagayen farko biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa, yana cewa yana son ƙarfafa tsaro a kan masu rugawa da ƙwallo. Gaskiya ne an taƙaita Barkley, wanda ya tara yadi 2,005 a bara, zuwa yadi 60 kawai. Amma duk lokacin da Hurts ya duba bai ga wanda zai jefa wa ba, sai ya sulale ta gefe ya ci yadin da yake buƙata, har ya fi Barkley yawan yadi a ƙasa, kuma da irin wannan gudun ya rufe wasan. Farautar mai jefa ƙwallo irin wannan ita ce sana'ar Parsons, ga shi kuwa ranar Lahadi yana sanye da rigar Packers yana kayar da Jared Goff, mai jefa ƙwallon Lions, a wasan da suka ci Lions 27 da 13.

A kan maganar yawu, hotunan da aka nuna daga baya sun nuna Prescott ya fara tofar da yawu a ƙasa ta wajen da 'yan tsaron Eagles suke, lokacin da aka tsaya ana duba ɗan wasansu da ya ji rauni a bugun farko. Ya ce ba da kowa yake ba. Ko ma dai mene ne, tofawa a ƙasa daban, tofa wa mutum a ƙirji a gaban alƙali daban, kuma Carter da bakinsa ya amsa cewa kuskure ya yi.

Ɗan'uwa mai tambaya, kada kuma ka raina zafin gabar. Birnin Dalas ba ya gabashin Amurka ko kusa, amma da aka sake fasalin rukunai a 2002 an bar Cowboys a rukunin Gabas saboda babu mai son a raba ta da tsofaffin abokan gabarta. Mu muna da kofin Super Bowl 5, sai dai rabonmu da shi tun Janairun 1996. Su kuma 2 gare su, duka a cikin shekaru takwas ɗin nan. A bara sun ci mu 34 da 6 a gidanmu, suka ƙara mana 41 da 7 a gidansu. Wanda ya sha wannan, sannan aka sa shi ya tsaya a filin Lincoln Financial a daren da ake buɗe tutar kofinsu, ya san cewa tazarar maki 4 a wasan farko na sabon koci Brian Schottenheimer ba abin kunya ba ce. Muna jiransu a filinmu na Arlington ranar 23 ga Nuwamba.

Maman Hanif ta amsa:

Ina so in taɓa tambaya ta ƙarshe, wadda ban ga an amsa ba, wato ko wasan farko yana nuna inda kaka za ta dosa. Tarihi ya ba da amsa iri biyu, kuma ya kamata a faɗe su duka.

Wadda magoya bayan Eagles ke son tunawa ita ce ta ranar 3 ga Satumba 2000, lokacin da suka buɗe kaka a gidan Cowboys cikin zafin da ya kai kusan digiri 43, suna shan ruwan tsamin da ake jiƙa kokwamba a ciki don kada jijiyoyinsu su ɗaure. Kocinsu na lokacin, Andy Reid, wanda yanzu yake Chiefs, ya fara wasan da gajeren bugu na yaudara suka ƙwace ƙwallo, Duce Staley ya ruga yadi 201, aka tashi 41 da 14. Eagles da ta ci wasa 5 kacal a 1999 ta ci 11 a wannan kakar, Cowboys kuma ta ƙare da 5, kuma daga 2001 zuwa 2004 Eagles ce ta riƙe rukunin sau huɗu a jere. A wannan karon wasan farko ya faɗi gaskiya.

Amma a 2003 Buffalo Bills ta buɗe kaka da cin New England Patriots, 'yar rukuninta, 31 da nema, aka tare wa Tom Brady jifa huɗu. Bills ta ƙare kakar da nasara 6, Patriots da 14, ta rama 31 da nema ɗin cif a wasan ƙarshe, ta je ta ɗauki Super Bowl. Haka a 2020 New Orleans Saints ta ci Tampa Bay Buccaneers 34 da 23 a wasan farko, ta sake cinta 38 da 3, ta lashe rukunin, amma da suka haɗu a sili ɗaya ƙwale Buccaneers ce ta yi nasara da 30 da 20, kuma ita ta ɗauki kofi. Ita kanta Eagles a 2023 ta ci wasa 10 cikin 11 na farko, sannan ta ruguje a watan Disamba ta bar wa Cowboys rukunin.

Don haka ni ina rarrabe abu biyu. Abin da Malam ya bayyana na ribar lissafi ya tabbata, an riga an rubuta shi, babu mai goge shi. Amma a matsayin shaida kan ƙarfin ƙungiya, wasan bai gamsar da ni ba. Manyan 'yan wasa da yawa ba sa buga wasannin share fage na watan Agusta, don haka makon farko cike yake da tsatsa. Hurts ya jefa 23 aka cafke 19, amma duka yadi 152 suka bayar, kuma 51 daga ciki jifa ɗaya ce zuwa ga Jahan Dotson. A.J. Brown, babban mai cafke musu ƙwallo, sau ɗaya ya taɓa ta a dukan daren, ita ma dab da tashi. Sun sauya mai tsara hari, domin Kellen Moore ya tafi ya zama kocin Saints aka ɗaga Kevin Patullo, kuma abin da na gani a rabi na biyu bai nuna an gama daidaita al'amura ba. Ga kuma laifuffukan da suka jawo musu asarar fiye da yadi 100, wanda ƙungiya mai riƙe da kofi bai kamata ta yi ba.

Baban Ilham, ina tausaya maka, amma ban yarda cewa ku kaɗai kuka zubar ba. Ƙwallon Sanders ba da kanta ta faɗi ba, bugo ta aka yi daga hannunsa, kuma tsaron da aka raba da mafi ƙarfin ɗan wasansa tun daƙiƙa shida da farawa ya hana ku maki gaba ɗaya a rabi na biyu. Vic Fangio, mai tsara tsaron Eagles, ya gyara abin da ya gani a rabin farko, wannan kuwa aikin koci ne.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yanzu na gane cewa teburin da ya kamata in riƙa dubawa na ƙungiya huɗu ne, ba na 32 ba. Saura abu biyu. Na farko, shin Carter zai buga wasa na gaba, ko akwai dakatarwa ta dole kamar yadda jan kati ke jawowa? Na biyu, Hajiya Maman Hanif ta ce Eagles ta riƙe rukunin daga 2001 zuwa 2004; na ji wani mai sharhi yana cewa tun daga lokacin babu wanda ya sake lashe shi sau biyu a jere. Da gaske ne, ko kunnena ne ya ji ba daidai ba saboda barci?

Malam Na Tudun Wada ya sake amsawa:

Kunnenka ya ji daidai. Bayan 2004 har zuwa kakar 2024 babu ƙungiyar da ta lashe NFC ta Gabas shekara biyu a jere, shekara 20 ke nan kambun ya yi yana yawo daga hannu zuwa hannu, kuma a wannan tsakanin babu wani rukuni a gasar da ya yi irin wannan tarihi. Akwai dalili a cikin tsarin kansa: wanda ya zo na ɗaya a rukuni, a shekara mai zuwa ana haɗa shi da na ɗaya na wasu rukunan, na ƙarshe kuma da na ƙarshe, sannan wanda ya fi shan kashi shi ke fara zaɓar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ga kuma iyakar kuɗin albashi da ke hana ƙungiya riƙe dukan taurarinta. Bana ma ba Cowboys kaɗai Eagles za ta kalla ba, domin Commanders da ta kai wasan ƙarshe na NFC a Janairu ita ma ta buɗe kaka da cin 'yar rukuni, ta doke Giants 21 da 6, don haka su biyun ke saman rukunin, kowacce da nasara ɗaya ta cikin gida.

Game da Carter, kora a wannan wasa ba ta zuwa da dakatarwa kai tsaye, hukumar gasar ce ke zama ta duba. Abin da ta yanke shi ne dakatarwar wasa ɗaya, amma tun da bai buga ko yunƙuri ɗaya a wasan Cowboys ba, ta ɗauki wannan wasan a matsayin hukuncin da ya riga ya yi, ta kuma cire masa albashin makon, dala 57,222. Saboda haka zai fito ranar Lahadi 14 ga Satumba a Kansas City, inda Eagles za ta sake haɗuwa da Chiefs, Cowboys kuma ta karɓi Giants a gida, wasan rukuni na biyu a jere, wanda idan ta faɗi shi ma za ta shiga mako na uku da shan kashi biyu na cikin gida. Wasan Kansas City ƙarfe 9:25 na dare agogon Najeriya za a fara, don haka wannan karon za ka samu barcinka kafin asuba.